Tagar Yamma

A Bundaberg, ƙarfe uku na ranar Disamba,
rana ba ta sallama.
Ta tagar yamma take faɗowa ɗakin Mama,
ta zauna kan keken ɗinki,
ta sha launin labule, ta lashe hoton aure,
har Baba ya koɗe kamar bai halarta ba.

Da can akwai rumfa a goshin tagar.
Guguwar shekarar da na haifi ɗana ta yage ta,
muka tsinci kwanon a gonar raken Pappalardo,
a naɗe kamar tabarma.
Baba ya ce gobe.
Goben nan ta shekara goma sha ɗaya,
ta raka shi har maƙabarta.

A kantin kayan gini
yaro ya nuna mini ta yadi, mai naɗewa da maɓalli.
Na ce ba mai naɗewa nake nema ba,
ina son wadda in ta tsaya, ta tsaya.
Ya ɗaga kafaɗa: je ki wurin Lorimer,
bayan layin dogo, inda gidaje ke zuwa su mutu.

Filin Lorimer:
ƙofofi a jere ba ɗaki,
matakala tana hawa zuwa babu,
bahon wanka cike da ganyen mangwaro.
Ƙarƙashin tulin katako na hango ta,
kwano mai lanƙwasa, korensa ya gaji,
da matokarai biyu masu wuyan balbela.
Na danna ɗaya da babban yatsa, ya ƙi.
Na danna ɗayan, yatsan ya nutse.
Gara ta riga ni ciniki.
Dala arba'in, in ji shi.
Talatin, na ce, ga shaidata a farce.
Ya yi dariya, ya ƙara mini noti a gwangwanin madara.

Maƙwabciyata Thelma ta kwantar da ruɓaɓɓen kan sabon katako,
ta bi gefensa da fensir.
Kwana uku zartonta yana tari a bayan shinge.

Asabar na jingina tsani.
Ina ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa,
ina sauraron inda ginshiƙi ya ɓuya:
nan fanko, nan fanko,
nan ya amsa da nauyi.
Na kankare fenti,
sai ga ramuka huɗu a toshe
daidai inda zan huda.
Hannun Baba ya riga ni zuwa.
Na daɗe a kan tsanin, noti a bakina,
fararen aku suna ihu bisa waya,
yawu ya ƙi haɗiyuwa.

Sannan rigima ta tashi.
Ma'aunin ruwa ya ce ga daidai,
ƙwayar iskar ta zauna tsakiya abinta,
amma daga ƙasa kowa ya ga karkata.
Ashe gidan ne:
shekara casa'in bisa ƙafafun katako,
ya ɗan sunkuya wajen kogi.
Thelma ta ce, bi ma'auni.
Mama ta leƙo, allura a leɓe:
bi gidan, Narelle,
da shi za ta zauna, ba da ma'auni ba.

Na bi gidan.
Na ɗaure har tafina ya yi bororo,
na rataya a jikinta da nauyina duka,
ba ta ce uffan ba.

Ƙarfe uku ya buga.
Rana ta zo kamar kullum, ta tarar da mai gadi.
Inuwa ta gangaro kan gilashi,
ta tsaya a bayan hannun Mama,
zare ya shige allura karo ɗaya.

Da dare hadari ya taso daga teku.
Ɗigon farko ya taɓa kwanon, na biyu, sai ganga.
Mama ta miƙa hannu ta kashe rediyo.
Ƙamshin jiƙaƙƙen rake ya shigo,
ruwan ya tsaya waje.
Ba mu rufe tagar ba.